Mai Faci a Hannun Mai Faci

Shekara talatin da ɗaya ina faci a Agege,
gefen layin dogo, inda danfo ke tofa hayaƙi.
Nakan gane taya tun ba ta tsaya ba.
In ta yi ƙwai a gefe sai in ce wa direba:
kada ka hau doguwar gada da wannan,
ba ta yin sallama ranar da za ta fashe.

Wani dare bayan Isha'i
na kwanta rigingine a kan benci,
hannuna ya sauka kusa da cibiya,
sai na ji abu yana bugawa,
kamar zuciya ta yi ƙaura ta sauko ƙasa.
Babu ciwo. Shi ya sa na yi shiru wata huɗu.
Na sha saiwa, na sha kanwa,
har baya ya fara ci na a ɓoye kamar gara.

'Yata Rakiya ce ta ja ni Idi-Araba.
Aka shafa mini mai sanyi a ciki,
aka goga na'ura, allo ya cika da toka da inuwa.
Washegari wata mai kama da bakin rijiya
ta haɗiye ni, ta amayo ni.

Dakta Akinwale ba ta jin Hausa sai gaisuwa.
Ta ɗauki biro ta zana babbar jijiya,
wadda ke sauko da jini daga zuciya,
ta kumbura ta a tsakiya.
Kafin Rakiya ta fassara na ce: tsaya.
Ai tiyub ne. Bango ya gaji,
ana ta tura shi daga ciki, wuri ɗaya ya saki.
Likita ta yi dariya. Ta ce santimita shida.
Sannan ta daina dariya.

Taba? Kwali guda a yini, tun ina yaron mota.
Hawan jini? An faɗa mini, na ce Legas ce kawai.
Shekaru? Sittin da bakwai, in lissafin Inna daidai ne.
A gidanku akwai wanda ya faɗi ba jinya?

Sai na ga Yaya Sabi'u
a kan buhunan albasa a kasuwa,
ya riƙe ƙugu, ya ce a ba shi ruwa.
Kafin a kawo kofi ya tafi.
Shekara tara muna cewa jifa ce.
Akwai maƙwabcin da muka daina gaisarwa.

Ta ce ƙarami akan sa masa ido,
a riƙa awo, a saukar da jini, a bar sigari.
Nawa ya wuce jira.
Ko a buɗe ciki a ɗinka sabon bututu,
ko a bi ta matsematsi a zura shi daga ciki,
amma kuɗin wannan ya fi injin iskata da rumfar da ni kaina.
Muka zaɓi wuƙa.

'Yan Zango suka yi karo-karo bayan Juma'a.
Baba Tunde, da nake bi bashin taya biyu tun bara,
ya zo da kuɗi a leda, har da ƙari,
ya ajiye, ya ƙi zama.

Awa biyar ɗin nan ba nawa ba ne, ban san su ba.
Na farka maƙogwaro a bushe,
zare daga ƙirji har mara.
Na duba ɗinkin da idon sana'a.
Ba inda zai yi yoyo.

Yau wata uku. Yarona ke ɗaga jak, ni ina zaune,
asawaki a bakina, inda taba ta saba zama.
Ƙwaya biyu kowace safiya.
Na aika Kazaure, ƙanena ya je a duba cikinsa.
Na je wajen maƙwabcin nan kuma.
Ya daɗe yana kallona kafin ya miƙo hannu.

Har yanzu da dare nakan ɗora tafi a cibiya.
Shiru.
Sai jirgin Ibadan yana girgiza kwanon rumfa.